Sixten Jernberg: Maƙerin Lima da Tseren Kilomita 50

A ranar 2 ga Fabrairu 1956, cikin makonnin da Sarauniyar Ingila ke rangadi a Najeriya, jama'ar Arewa kuma ba su da zance sai na hawan daba a Kaduna, wani ɗan ƙauye daga ƙasar Suwidin ya ɗaura katakan zamiya a ƙafa a garin Cortina d'Ampezzo na Italiya, ya shiga tseren kilomita 50 a kan dusar ƙanƙara. Cikin sa'a 2 da minti 50 da daƙiƙa 27 ya gama. Wanda ya zo na biyu, Veikko Hakulinen na Finlan, shi ke riƙe da kambun wannan tsere tun gasar Olamfik ta Oslo a 1952, kuma a lokacin babu wanda ake shakka kamarsa. Sai da aka ba shi ratar minti 1 da daƙiƙa 18. Sunan ɗan ƙauyen Sixten Jernberg. Saura kwana huɗu ya cika shekara 27, sana'ar da ya tashi da ita ƙira ce, daga baya ya koma saran itace a daji.

Ga mutumin Dudunni ko Kusada, kilomita 50 ya kusa nisan Kankiya zuwa Katsina. Wanda bai taɓa ganin wasan ba zai ɗauka tsayawa kawai mutum yake yi santsi ya ɗauke shi. Akwai irin wannan, wato na masu gangarowa daga kan dutse, amma wasa ne daban da mutanensa daban. Na su Jernberg tseren dogon zango ne cikin kurmi da sarari, hanya ta hau, ta sauka, ta miƙe, kuma duk gangaren da ka ji daɗinsa sai ka biya shi da hawa. Ɗan tsere yana ɗaure da katako biyu sirara, kowanne ya fi shi tsawo, yana riƙe da sanduna biyu da yake cakawa a ƙasa yana tunkuɗa jikinsa gaba. Ƙafa na aiki, hannu na aiki, baya da ciki na aiki, huhu kuma na jan iskar da sanyinta ke daskarar da gumi a gemu. Masu binciken lafiyar 'yan wasa sun daɗe da gano cewa masu wannan tsere suna sahun gaba a cikin mutanen da jikinsu ya fi iya zuƙar iska ya sarrafa ta.

A zamaninsa ba a sakin 'yan tsere gaba ɗaya a manyan gasanni. Ɗaya bayan ɗaya ake sallamar su da 'yar rata a tsakani, agogo ne alƙali. Sai mutum ya shafe sa'a biyu bai sa abokin hamayyarsa a ido ba. Abin da yake samu kawai shi ne ihun mutanen ƙasarsa da ke tsaye a gefen hanya da agogo da takarda, suna gaya masa yana gaba da daƙiƙa kaza ko yana baya da kaza. Tseren da ake yi haka yana son mutumin da zai iya matsa wa kansa ba tare da ya ga ƙeyar kowa a gabansa ba, kuma wannan hali shi ne jarin Jernberg tun daga farko har ƙarshe.

Sai maganar kaki. Katakan lokacin na itace ne zalla. Ana ƙona musu kwaltar itace a ƙasa don kada su sha ruwa, sannan a shafa kaki wanda zai kama ƙanƙara idan an taka za a hau tudu, ya kuma saki idan an zame. Kowane irin sanyi da kakinsa: na sabuwar dusa busasshiya daban, na wadda ta fara narkewa daban, na wadda ta narke ta sake daskarewa daban. Kamar manomi ne da ruwan fari, wanda sai ya duba gari ya taɓa ƙasa kafin ya yanke shawarar shuka, in ya yi kuskure kuwa ya yi asarar iri. Gwanaye da yawa sun rasa lambar yabo tun kafin a sallame su, saboda kakin da suka shafa da asuba bai dace da yanayin hantsi ba.

An haifi Jernberg ranar 6 ga Fabrairu 1929 a Lima, wata gundumar ƙauyuka da ke bakin kogin Västerdalälven a lardin Dalarna, dab da iyakar Norwe. Ƙasa ce da noma ba ya ciyar da gida. Damina gajeriya ce, ƙanƙara tana rufe ƙasa watanni da dama, a tsakiyar hunturu kuma rana ba ta wuce 'yan sa'o'i a sama. Dole kowace gunduma ta nemi abin haɗawa da gona. Maƙwabtansu na Malung suka shahara da jima da ɗinkin fata, mutanen Lima kuma suka shahara da ƙira. Tun zamanin da suke haƙo tama daga fadamu suna narkawa, suna ƙera dogayen laujuna na yankan ciyawa da ake kai wa kasuwanni masu nisa. A cikin wannan gado yaron ya tashi, masaba a hannu tun yana matashi.

Aikin da ya koma daga baya, wato saran daji, shi ne makarantar da ta yaye mafi yawan gwanayen tseren ƙanƙara na arewacin Turai a wancan zamani. Da hunturu ake yin sa. Maza su bar gida su tare a bukkokin katako cikin kurmi, su yini suna kayar da itatuwa da gatari da zarto, su sassabe rassa, su jawo gungume cikin dusar da ke kai wa gwiwa, dawakai su ja zuwa bakin kogi. Idan ƙanƙara ta narke, ruwa ya kwashi gumagumai zuwa masana'antun katako. Gwargwadon abin da ka sare, gwargwadon abin da za a biya ka. Kuma a kan katakan zamiya ake zuwa wurin aikin, a kansu ake dawowa. Ga waɗannan mutane katakon abin hawa ne kafin ya zama abin wasa, kuma tsohon abin hawa ne ƙwarai: wanda aka tono a Kalvträsk da ke arewacin Suwidin a 1924 ya haura shekara 5,000.

Ko da Jernberg ya buɗe ido, lardinsu yana da jarumai. Per-Erik Hedlund na Särna ya ci tseren kilomita 50 a gasar Olamfik ta 1928 da ratar fiye da minti 13. Nils Karlsson, wanda aka fi sani da Mora-Nisse, ya ci shi a 1948. Sama da duka kuma akwai Vasaloppet, tseren da ake tashi daga Sälen, arewa kaɗan da Lima, a ƙare a garin Mora, tafiyar kusan kilomita 90. Labarin da ake bayarwa na asalinsa shi ne, bayan Sarkin Denmak Kristian na Biyu ya karkashe manyan Suwidin a Stockholm cikin Nuwamba 1520, wani matashi mai suna Gustav Eriksson, wanda mahaifinsa na cikin waɗanda aka kashe, ya gudo Dalarna yana neman mutanen Mora su yi tawaye. Suka yi jinkiri, ya nufi Norwe. Da labarin ta'asar ya tabbata gare su, sai suka tura gwanayen zamiya biyu suka cim masa a wajen Sälen suka komo da shi. Ya ja yaƙi, aka naɗa shi sarki ranar 6 ga Yuni 1523, wadda ita ce ranar ƙasa a Suwidin har yau. A 1922 aka fara tseren tunawa da wannan tafiya, mutum 119 suka tashi, Ernst Alm ya ci cikin sa'a 7 da minti 32. Mora-Nisse ya ci shi sau tara tsakanin 1943 da 1953. Yaron da ya girma a Lima kowace shekara yana ganin duniya ta taru a bayan gidansu ran Lahadin farko ta watan Maris.

Jernberg bai yi saurin fitowa ba. Bai je gasar Oslo ta 1952 ba. Shekarar 1954 ce ta fito da shi, yana da shekara 25: ya ci tseren kilomita 15 a Holmenkollen, babban filin Norwe, ya kuma samu tagulla a tseren karɓa-karɓa na mutum huɗu a gasar duniya da aka yi a Falun, hedikwatar lardinsu. Wannan gasa ta Falun ta girgiza mutanen arewacin Turai, domin a nan ne Tarayyar Sobiyet ta fara shigowa, Vladimir Kuzin kuma ya kwashe zinare a kilomita 30 da 50 a gaban masu gida. Wasan da Norwe da Suwidin da Finlan suke rabawa tsakaninsu ya samu na huɗu, wanda gwamnati ke ɗaukar nauyin 'yan wasansa. A shekarar da ta biyo, 1955, Jernberg ya ci Vasaloppet a karon farko.

Haka ya isa Cortina. Tseren farko na kilomita 30 ne, Hakulinen ya ci, Jernberg ya zo na biyu. A kilomita 15 ma na biyu ya zo, bayan Hallgeir Brenden na Norwe. Brenden mutumin Trysil ne, gundumar da ke tsallaken iyaka daga yankin su Jernberg, shi ma ɗan daji ne, kuma a wata guda na shekara guda aka haife su. Kurmi ɗaya ya ba ƙasa biyu zakaru. Bayan azurfa biyu sai ranar kilomita 50 ta zo, ya yi abin da aka ambata a farko, kwana biyu bayan nan kuma ya ƙara da tagulla a karɓa-karɓa, wanda Sobiyet ta ci. Tsere huɗu, lamba huɗu. A ƙarshen shekara jaridar Svenska Dagbladet ta ba shi lambarta ta zinare, wadda ita ce babbar karramawar ɗan wasa a ƙasar, tare da wani ɗan wasa mai suna Lars Hall.

Karawarsa da Hakulinen ita ce gishirin waɗannan shekaru. Hakulinen ya girme shi da shekara huɗu, shi ma ma'aikacin gandun daji ne, mutum ne mai natsuwa da iya lissafin hanya. A 1958 aka kai gasar duniya Lahti, cikin gidan Finlan, inda tseren ƙanƙara ya zama abin alfaharin ƙasa. Hakulinen ya ci kilomita 15, Kalevi Hämäläinen ya ci 30, Jernberg ya tsira da tagulla a nan. Amma a kilomita 50 ya sake barin Hakulinen a matsayi na biyu, a gaban jama'arsa, kuma Suwidin ta ɗauki zinaren karɓa-karɓa.

Gasar Olamfik ta 1960, shekarar da Najeriya ta samu 'yancin kai, a Squaw Valley na jihar Kalifoniya ta Amurka aka yi ta. Hanyar tseren tana kusa da tafkin Tahoe, a kan tudu mai tsawon kusan mita 2,000, inda iska ba ta ƙosar da huhun wanda ya saba da ƙasa-ƙasa. Ya fara da cin kilomita 30 cikin sa'a 1 da minti 51, ɗan ƙasarsu Rolf Rämgård yana bayansa da daƙiƙa 13. A kilomita 15 Håkon Brusveen na Norwe ya sha gabansa da abin da bai fi daƙiƙa 3 da ɗoriya ba. Sai abin da ba a zata ba: a kilomita 50, tseren da kowa ya ɗauka nasa ne, na biyar ya zo, Hämäläinen ya ci. A karɓa-karɓa ma Suwidin ta huɗu ta zo. Ya tattara ya tsallako teku, bai gama warware gajiya ba ya tsaya a layin Sälen a farkon Maris, ya ci Vasaloppet karo na biyu. A shekarar ne Norwe ta ba shi lambar Holmenkollen, kuma mutanen Norwe ba su cika sakin wannan lamba ga maƙwabta ba sai wanda ya cancanta.

A nan ya kamata a tsaya a dubi yadda yake shirya jikinsa, don sakamakon da ake jerawa ba ya bayyana kansa. A lokacin dokar wasanni ta hana ɗan wasa karɓar kuɗi. Suwidin ta ɗauki dokar da gaske, har ta dakatar da manyan 'yan gudunta biyu, Gunder Hägg da Arne Andersson, a 1946 saboda an biya su. Don haka ɗan tsere sai ya riƙe sana'a, horo kuma ya nema masa wuri a gefenta. Jernberg shi kaɗai ya fi yin nasa. Idan babu ƙanƙara ya yi gudu a fadamu inda ƙafa ke nutsewa, ya hau tuddai da sanduna, ya yi doguwar tafiya cikin kurmi, ga kuma gatari. An san shi da taurin rai da ƙin sassauta wa kansa. Ana ba da labarin wani tseren kilomita 50 da ya shiga da zazzaɓi, yana tari da jini, ya ƙi tsayawa sai da ya kai ƙarshe. Gunde Svan, wanda ya gaje shi a ɗaukaka, ya taɓa kwatanta shi da mutumin da ba ya ƙaunar jikinsa, yake neman hanyar azabtar da shi.

Wannan magana ta Svan tana da gaskiya a ciki, amma ni a ganina ba ta kai ga tushen ba. Tsere da zazzaɓi da tarin jini ganganci ne, kuma babu likitan da zai yarda da shi a yau, bai kamata a koya wa yaro cewa jarumta ce ba. Sai dai mutumin da ke azabtar da jikinsa kawai ba ya shekara goma a sahun gaba. Karyewa yake yi. Abin da alƙaluma suka nuna game da Jernberg shi ne ɗorewa: tsakanin 1952 da 1964 ya shiga tsere 363, ya ci 134. A gasar Olamfik uku ya tsaya a layi sau 12, bai taɓa sauka ƙasa da na biyar ba. Wannan aikin wanda ya san ma'aunin ƙarfinsa ne, irin sanin da mai aikin jinga yake da shi, wanda ya san in ya zuba duk ƙarfinsa da safe ba zai kai la'asar ba, in kuma ya yi sanyin jiki iyalinsa ba za su ci ba. Wanda ya shekara yana auna kansa da yawan gungumen da ya kayar kafin rana ta faɗi ya riga ya koyi raba numfashi a kan kilomita 50.

Kuma akwai dalilin da ya sa muke iya faɗin 363 da 134 a yau. Ƙungiyar ƙauyensu, Lima IF, wadda ya yi wa wasa, ɗaya ce daga ɗaruruwan ƙananan ƙungiyoyi da ke shirya tsere kowane ƙarshen mako, da mai riƙe agogo, da mai rubuta sakamako, da jaridar lardi mai bugawa. Saboda haka saurayin da ke da ƙarfi a wani lungun kurmi ba ya ɓata. Lokacinsa yana kan takarda, ana iya gwada shi da na wani da ke can ƙarshen ƙasa. Wannan shi ne abin da ke ci mini rai idan na dubi namu. Ƙasar Hausa ba ta rasa masu ƙarfi ba, ba ta kuma rasa fage ba. Duk kaka ana dambe da kokawa a garuruwanmu. Shago da Ɗan Dunawa da Ado Ɗan Kware sunayensu sun kai ko'ina, amma ta bakin Ɗan Anace suka kai. Kiɗa ya adana mana kwarjininsu da kirarinsu, wanda takarda ba za ta iya ba, sai dai wanda ya nemi jerin karawarsu shekara bi shekara, da wa aka yi, a wane gari, wa ya kashe wa, zai sha wahala kafin ya haɗa rabi. Nijar ta fi mu a nan. Tun da ta fara gasar kokawa ta ƙasa a Tawa a 1975, wadda Kantu na Maraɗi ya ci, ana iya lissafa wanda ya ɗauki takobi kowace shekara. Samarin da ke taka sayyada daga ƙauyukan Kusada zuwa kasuwa da kaya a ka, ko suke yini a gona da garma, babu wanda ya taɓa riƙe musu agogo. Littafi guda da agogo guda a hannun malamin makarantar gari ba su fi ƙarfin kowace ƙaramar hukuma ba.

Mu koma kan ƙanƙara. A 1962 gasar duniya ta je Zakopane a ƙasar Polan. Jernberg yana da shekara 33, sababbin jini sun taso. Assar Rönnlund na Suwidin ya ci kilomita 15, Eero Mäntyranta na Finlan ya ci 30. A gajerun tsere ƙafar dattijo ta fara nauyi. Da aka zo kilomita 50 kuwa, shi ne dai, Rönnlund na biye, sannan suka haɗu suka ci karɓa-karɓa.

Mäntyranta ya cancanci a ɗan tsaya a kansa. Ma'aikacin tsaron iyaka ne daga can arewacin Finlan, kuma shekaru bayan ya daina wasa likitoci suka gano cewa danginsu suna da wani gado a jini wanda ke sa jajayen ƙwayoyin jini su yi yawa fiye da na sauran mutane, jininsa yana ɗaukar iska fiye da kima. Da irin wannan mutum Jernberg ya yi karon ƙarshe.

Gasar Olamfik ta 1964 ta Innsbruck ce a Ostiriya, tseren dogon zango kuma a Seefeld aka yi shi. Hunturun shekarar ya zo da ƙarancin dusa, har sai da sojojin Ostiriya suka riƙa ɗebo ta daga kan duwatsu suna shimfiɗawa a filayen gasar. Mäntyranta ya ci kilomita 30, Jernberg na biyar. Mäntyranta ya sake cin 15, Harald Grønningen na Norwe na biyu, Jernberg ya samu tagulla. Masu sharhi suna iya cewa an sallami dattijo da abin tunawa. Ranar 5 ga Fabrairu, jajibirin cikarsa shekara 35, aka yi kilomita 50. Ya gama cikin sa'a 2 da minti 43 da daƙiƙa 52, ya ba Rönnlund ratar fiye da minti guda, Arto Tiainen na Finlan ya zo na uku. Shekara takwas bayan Cortina ya komo ya karɓi abinsa. A manyan tseren kilomita 50 guda biyar da aka yi a Olamfik da gasar duniya daga 1956 zuwa 1964, huɗu nasa ne.

Kwana uku bayan haka aka yi karɓa-karɓa, tseren da bai taɓa cin zinarensa a Olamfik ba. Karl-Åke Asph ya fara, Jernberg ya karɓa, ya miƙa wa Janne Stefansson, maƙwabcinsa daga yankin Sälen wanda ya ci Vasaloppet sau bakwai a rayuwarsa, Rönnlund ya rufe. A zangon ƙarshe Rönnlund ya wuce na Finlan da na Sobiyet, Suwidin ta ci. Lambobin Jernberg na Olamfik suka cika tara: zinare 4, azurfa 3, tagulla 2. A gasar duniya kuma zinare 4 da tagulla 2. A shekarar ya ajiye gasa. A 1965 Kwamitin Olamfik na Duniya ya ba shi kofin Mohammed Taher, wanda aka sa wa sunan wani Bamisire ɗan kwamitin.

Ya tafi a kan gaɓa, domin duniyar da ta ƙera shi tana rushewa. Zarton inji ya maye gurbin na hannu, tarakta ta maye gurbin doki, manyan motoci suka karɓe aikin kogi, ƙauyukan kurmi suka fara zubar da samari zuwa birane. Shekara goma bayan ritayarsa, a gasar duniya ta Falun ta 1974, Thomas Magnusson ya ci kilomita 30 a kan katakan da aka yi da roba da zaren gilashi, daga nan itace ya fara bankwana da fagen. A shekarun 1980 wani sabon salon tafiya ya shigo, na tura ƙafa gefe-gefe, ya fi na gargajiya sauri, har hukumar wasan ta raba gasar gida biyu. Ratar da ake ci da ita ma ta tsuke: a Lake Placid a 1980 Thomas Wassberg na Suwidin ya kayar da Juha Mieto na Finlan a kilomita 15 da kashi ɗaya cikin ɗari na daƙiƙa, abin da ya sa aka daina auna lokaci da irin wannan ƙanƙanta. Gunde Svan, shi ma ɗan Dalarna daga Dala-Järna, ya ci zinaren Olamfik huɗu a 1984 da 1988, amma shi ɗan wasa ne na cikakken lokaci, da masu horarwa da masu gwajin kaki da kamfanoni a bayansa.

Lambobi tara na Jernberg sun tsaya a matsayin mafi yawa a tarihin Olamfik ta hunturu har shekara 28, sai a 1992 Raisa Smetanina ta kai goma. A cikin maza sai a 1998 Bjørn Dæhlie na Norwe ya wuce shi, a gasar Nagano, inda Philip Boit na Kenya ya shiga tseren kilomita 10 ya zo na ƙarshe, Dæhlie ya tsaya a bakin layi yana jiransa ya rungume shi. Najeriya sai a 2022 ta samu wakili a wannan tsere, Samuel Ikpefan, wanda aka haifa a Faransa.

Jernberg ya rasu ranar 14 ga Yuli 2012 a Mora, yana da shekara 83, bayan fama da ciwon daji. A 2018 Charlotte Kalla, 'yar wani ƙauye a can arewacin Suwidin, ta kamo shi da lambar Olamfik tara. Tseren kilomita 50 kuwa, wanda aka daɗe ana cewa ya fi ƙarfin mata, a gasar duniya sai a Maris 2025 aka buɗe musu shi, a Trondheim, kuma Frida Karlsson ta Suwidin ce ta fara cin sa a can.